Rinin Perls: yadda ake gano ƙarfen da ya taru a naman jiki, da wuraren da aikin ke lalacewa

Jikin babban mutum yana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin gram 3 zuwa 4. Wajen kashi biyu cikin uku yana cikin hemogilobin, wato abin da ke sa jini ya yi ja yake kuma ɗaukar iskar numfashi. Mafi yawan saura ajiya ce a hanta da saifa da ɓargo. Hanji yana tsotsar miligram 1 zuwa 2 a rana daga abinci, kusan daidai da abin da ke fita ta zubar tsofaffin ƙwayoyin fata da na hanji, da jinin al'ada ga mata. Bayan wannan jiki ba shi da wata ƙofa ta fitar da ƙarfen da ya yi yawa. Leda ɗaya ta jinin da ake ƙara wa mara lafiya tana ɗauke da miligram 200 zuwa 250, don haka mai ciwon sikila da aka ƙara wa leda 20 ya karɓi ƙarfen da ya kai na jikin babban mutum gaba ɗaya, kuma ba inda za shi. A Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu sikila, wannan lissafi ne na yau da kullum a asibitocin koyarwa.

Hanyar da ake ganin wannan ƙarfe da ido a ƙarƙashin madubin likita tsohuwa ce. Wani likitan Jamus mai suna Max Perls ne ya bayyana ta a 1867, kuma har yau ba a sauya mata wani abin kirki ba. Shuɗin da take bayarwa ya ma girme ta, domin masu haɗa fenti a birnin Balin sun same shi tun farkon ƙarni na 18. Sinadarai biyu ne kawai, ga araha, ga sauri. Wannan sauƙin ne ke sa a raina aikin, alhali yawancin sakamakon ƙarya daga ruwa da mazubi da ƙura yake fitowa, ko kuma daga abin da aka yi wa naman kafin ya iso teburin rini.

Ko da yake rini ake ce masa, ba launi ake shafa wa naman ba. Launin a cikin naman ake ƙirƙirar sa. Jiki yana ajiye ƙarfe ta siga biyu. Akwai feritin, furotin mai narkewa a ruwa wanda ke warwatse cikin ƙwayar halitta, akwai kuma hemosidarin, dunƙulallen ragowar feritin da ba ya narkewa, wanda a rinin yau da kullum ake ganin sa tsaki-tsaki, launin zinariya zuwa ruwan ƙasa. Idan aka zuba asid haidurokulorik mai rauni a kan yankin nama, sai ya kwance ƙarfen daga furotin ɗin da ke riƙe da shi. Ƙarfen da ya kwance, mai caji uku, nan take yake haɗuwa da fotasiyam ferosayanayid da ke cikin ruwan, su zama wani shuɗi mai duhu da ba ya narkewa, ya zauna daidai inda ƙarfen yake. Shi ya sa dole asid da ferosayanayid su isa naman tare. In aka fara jiƙa shi da asid shi kaɗai, ƙarfen zai kwance ya bi ruwa kafin a kama shi.

Ƙarfen da ke cikin hemogilobin ba ya amsa wannan rini, domin a ɗaure yake tamau cikin zoben him, wato sashen hemogilobin da ke riƙe da ƙarfen, asid mai rauni ba ya iya ɓalle shi. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa yin shuɗi, kuma jinin da ya zuba cikin nama yanzu-yanzu ba zai nuna komai ba. Sai makrofej, ƙwayoyin da ke haɗiye matattun ƙwayoyi da datti, sun cinye jinin sun narkar da shi, abin da ke ɗaukar kwana 2 zuwa 3, sannan hemosidarin ya bayyana. Masu binciken gawa suna amfani da wannan wajen bambanta sabon rauni da wanda ya kwana biyu, duk da cewa ba agogo ba ne da zai faɗi rana da sa'a. Feritin kuwa, in ya yi yawa, yakan ba da shuɗi mai haske da ya lulluɓe ƙwayar baki ɗaya ba tare da tsaki ba.

Aikin yana farawa tun daga kwalbar da aka jefa naman. Fomalin kashi 10 cikin 100 da aka daidaita tsaminsa shi ne abin so. Fomalin da aka sirka da ruwan famfo aka ajiye watanni yakan yi tsami, domin wani ɓangarensa na rikiɗewa ya zama asid, kuma asid ɗin zai yi ta kwance ƙarfe a hankali tun naman yana kwalba. Haka ruwan Bouin da duk wani maganin kafe nama mai asid a ciki. Bayan an sarrafa naman an dasa shi cikin kakin farafin, ana yanka shi kaurin maikiron 4 ko 5 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a shimfiɗa yankin a kan gilashi. Kaurin ya zama iri ɗaya kullum, domin yanki mai kauri yana nuna shuɗi fiye da siriri ko da daga hanta ɗaya aka yanko su.

Ana cire kakin da zailin, ruwan da ke narkar da kaki, sau biyu, minti 3 zuwa 5 kowanne, a bi da alkohol daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, a ƙare a tataccen ruwa, wato wanda aka tace ta hanyar tururi. Ana tanadar ruwa biyu a kwalabe daban. Na farko gram 2 na fotasiyam ferosayanayid cikin mililita 100 na tataccen ruwa. Na biyu mililita 2 na asid haidurokulorik mai ƙarfi cikin mililita 98 na tataccen ruwa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Sai lokacin aiki ya yi ake haɗa su daidai wa daida, misali mililita 25 da 25 don mazubin gilashi mai cin mililita 50. A tsoma gilasan minti 20 zuwa 30 a zafin ɗaki. A wanke da tataccen ruwa sau uku ko fiye, a sa jan rini na cibiyar ƙwayar halitta minti 5, a ɗauraye, a busar da alkohol, a wuce da zailin, a rufe da man rufe gilashi na DPX. Jan rinin da aka fi amfani da shi ana narkar da gram 0.1 nasa cikin mililita 100 na ruwan aluminiyam salfet kashi 5 cikin 100, a ɗumama, a bari ya huce, a tace. Wasu ɗakunan gwaji suna bin hanyar Gomori, inda asid ɗin kashi 20 ne ferosayanayid kuma kashi 10, su ma daidai wa daida na minti 20. Duk wadda aka zaɓa a tsaya a kanta, domin gwada sakamakon bana da na bara ba ya yiwuwa in ana sauya ma'auni.

Sakamako mai kyau a bayyane yake: hemosidarin shuɗi mai duhu, cibiyoyin ƙwayoyin halitta ja, sauran naman ruwan hoda mai haske. Jan rinin ya zama kaɗan. In ya yi kauri yana rufe ƙananan tsakin shuɗi, kuma su ne ake nema a farkon cuta. Rinin himatoksilin bai dace a nan ba, tunda shi ma shuɗi-shuɗi yake.

Haɗin asid da ferosayanayid ba ya kwana. Da zarar asid ya taɓa ferosayanayid ya fara rushe shi a hankali, kuma ferosayanayid kansa yana da ƙarfe a cikinsa. Haɗin da ya daɗe, ko aka ɗumama shi, ko ya sha rana, zai saki nasa ƙarfen ya yi shuɗi da kansa, ya zauna a kan gilashi ko'ina. Sabon haɗi rawaya ne mai haske sosai. In ya ɗauki kore ko shuɗi-shuɗi tun kafin a sa gilashi, a zubar, a nemi inda ƙarfe ya shigo. Akwai kuma batun lafiyar ma'aikaci: ferosayanayid shi kaɗai ba shi da haɗari sosai, amma in ya haɗu da asid mai ƙarfi ko aka dafa shi da asid yana fitar da iskar haidurojin sayanayid, guba mai kisa. Ba a ɗora haɗin a wuta don a yi sauri, ba a kuma zuba ragowarsa cikin kwalbar tarin asid. A kuma karanta takardar kwalba da kyau. Ferosayanayid rawaya ne, ferisayanayid ja ne, harafi ɗaya ya raba sunayensu. Na biyun ƙarfe mai caji biyu yake kamawa, shi ne tushen rinin Turnbull, kuma in aka sa shi bisa kuskure hanta cike da hemosidarin za ta fito kusan fayau.

Babbar matsala a ɗakunan gwaji na ƙasashenmu ita ce ƙarfen da ba na mara lafiya ba. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana da ƙarfe, ga tankin ƙarfe mai tsatsa, ga tsohon bututu. In da wannan ruwa aka cika baho mai ɗumi da ake shimfiɗa yankakken nama a kai, an riga an shafa wa gilashi ƙarfe tun kafin rini. Matsefata ta ƙarfe da aka tsoma cikin haɗin, kwandon gilasai na ƙarfe, murfin kwalba mai tsatsa, duk hanya ce. A yi amfani da na roba ko na gilashi, a wanke mazubai da asid mai rauni a ɗauraye da tataccen ruwa, a keɓe su don wannan aiki kaɗai. Sai ƙura. Jar ƙasa tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launinta, kuma a lokacin hunturu gilashin da aka bari a buɗe yana bushewa zai kwashi rabonsa. Ana gane shuɗin datti da alamu uku: yana kan naman da kuma filin gilashin da babu nama, ba ya bin tsarin ƙwayoyin halitta, kuma in aka juya madubi a hankali za a ga yana sama da naman, ba su fitowa sarai a lokaci guda.

Don haka kowane zubi na rini yana buƙatar gilashin shaida, yanki daga saifa ko hanta da aka tabbatar tana da hemosidarin. Ra'ayina shi ne a zaɓi naman da ƙarfensa matsakaici ne ko kaɗan. Hantar da ta cika maƙil za ta yi shuɗi ko da haɗin ya raunana, ta ba ma'aikaci kwanciyar hankalin da bai kamata ba. Gilashin da bai nuna ƙarfe ba, in babu shaida a gefensa, bai faɗi komai ba.

Shuɗin kansa yana gudun sinadarai masu kanwa-kanwa, kishiyar asid. Wanki mai tsawo a ruwan famfo mai kanwa-kanwa yana kashe shi, haka wasu tsofaffin man rufe gilashi irin su balsam na Kanada, haka ajiya a hasken rana. A karanta gilashin da wuri, a ajiye shi a akwati.

Ɓargo yana da nasa hukunci. Idan aka ɗauko guntun ƙashi da allura, dole a tausasa shi kafin ya yanku, kuma asid ɗin tausasawa yana wanke ƙarfe. EDTA, wani sinadarin tausasa ƙashi, ɓarnarsa ba ta kai haka ba, amma shi ma yana kama ƙarfe. Guntun ƙashin da ya nuna shuɗi ya tabbatar akwai ajiya, wanda bai nuna ba kuwa ba hujja ba ce ta cewa babu. Ɓargon da aka zuƙo aka shafa a gilashi shi ne abin dogara. Ana busar da shi a iska, a kafe da metanol minti 10 zuwa 20, a sa shi cikin haɗin kimanin minti 10, a wanke, a ɗan taɓa shi da jan rini. Ajiyar ƙarfe tana cikin makrofej da ke cikin ɓarɓashin ɓargo, don haka shafin da jini ya yi masa yawa, babu ɓarɓashi, ba ya karantuwa. Shawarar da ake bi ita ce a duba ɓarɓashi aƙalla 7 kafin a rubuta cewa babu ƙarfe. Ma'aunin Gale na 1963 yana ba da maki daga 0 zuwa 6, daga babu ko kaɗan har zuwa dunƙule-dunƙulen da ke rufe ƙwayoyin ɓargo.

Karatun ɓargo kashi biyu ne, kuma rabuwarsu ce ke da amfani. Na farko ajiyar da ke cikin makrofej. Na biyu ƙananan tsakin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, waɗanda sai da madubi mai ninki 1000 da ɗigon mai a kan gilashi ake ganin su. A ƙarancin ƙarfe na gaskiya duka biyun babu. A ƙarancin jinin da doguwar cuta ke kawowa, kamar tarin fuka ko ciwon ƙoda, hanta tana ƙara fitar da hefsidin, sinadarin da ke hana makrofej sakin ƙarfe. Sai a ga makrofej shuɗi fal, ƙwayoyi masu tasowa kuwa fayau: rumbu cike, gida da yunwa. Gwajin feritin na jini yakan rikita likita a nan, domin feritin yana hawa da kowane irin kumburi ko zazzaɓi.

Akwai kuma ƙwaya mai zobe, wato jar ƙwayar jini mai tasowa inda tsaki 5 ko fiye suka kewaye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na cibiya. Wannan ƙarfe ne da ya shiga maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ake saka ƙarfe cikin him, amma ya kasa shiga him. Idan irin waɗannan ƙwayoyi suka kai kashi 15 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi masu tasowa ana tunanin cutar lalacewar ɓargo, amma kafin a kai can sai a tambayi tarihi: shan barasa mai yawa, maganin tarin fuka isoniyazid, kuloramfenikol, ƙarancin sinadarin tagulla, da gubar dalma, wadda ke toshe matakin ƙarshe na saka ƙarfe cikin him. Tun bayan annobar dalma ta 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, tambayar sana'ar gida da inda ake niƙa dutse ta zama wajibi ga mara lafiyar da ya fito daga irin wannan wuri.

A hanta, inda shuɗin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. A cutar tara ƙarfe ta gado, wadda aka gano ƙwayar gadonta HFE a 1996 kuma ta fi yawa a jinin mutanen arewacin Turai, hanji ne ke tsotsar fiye da kima. Ƙarfen yana shigowa ta jijiyar da ke kawo jini daga hanji, don haka ƙwayoyin hanta na kusa da mashigar jijiyar su ke fara ɗauka, shuɗin yana raguwa yayin da ake nisa da mashigar, ƙwayoyin Kupffer kuwa, wato makrofej ɗin hanta, sai daga baya. A wanda aka yi wa ƙarin jini da yawa, ko jininsa ke fashewa, labarin ya juya: ƙwayoyin Kupffer su ke cika da farko, ƙwayoyin hanta su biyo baya. A kudancin Afirka an daɗe da sanin wani nau'i da ke da alaƙa da giyar gargajiya da ake dafawa a gangar ƙarfe, inda ake samun ƙarfen a wuraren biyu. Rahoton da ya ce "akwai ƙarfe" kawai, bai faɗi a wace ƙwaya ba, ya jefar da rabin abin da gilashin ya nuna.

Yawan kuwa ana auna shi da maki 0 zuwa 4, tsarin da Scheuer ya kafa a 1962. Hanya mai sauƙin bi ita ce ta duba ƙarfin madubin da tsakin ke fara fitowa: maki 0 in babu ko da ƙyar a ninki 400, maki 1 in da ƙyar a ninki 250, maki 2 in sun fito sarai a ninki 100, maki 3 a ninki 25, maki 4 in ana ganin su a ninki 10 ko da ido kawai.

Wani aikin da wannan rini ke yi kullum shi ne raba gardama tsakanin launuka masu kama da juna. Ba kowane tsaki mai ruwan ƙasa ba ne hemosidarin. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana cin hemogilobin ta bar wani baƙin tsaki, hemozoyin, a makrofej na hanta da saifa da mabiyiya. Yana da ƙarfe a ciki, amma a ɗaure cikin him, don haka ba ya yin shuɗi, yana kuma ƙyalli a hasken madubi mai tace haske. Tsutsar tsargiya tana barin irinsa. Fomalin mai tsami a nama mai jini da yawa yana haifar da tsaki mai kama da su ƙwarai, sai dai shi yana warwatse a kan nama da wajen ƙwayoyi, kuma asid fikirik cikin alkohol yana cire shi, ko da yake yana cire hemozoyin ma. A wurin da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare kuma fomalin ba kullum ake daidaita shi ba, waɗannan ukun suna iya haɗuwa a saifa ɗaya. Melanin na fata ba ya yin shuɗi, yana baƙi da rinin azurfa na Masson da Fontana. Ruwan matsarmama yana kore da rinin Fouchet. Baƙin hayaƙi a huhu ba ya amsa ko ɗaya. A ƙullutun fata mai duhu, sanin cewa launin tsohon jini ne ko melanin yana iya sauya alƙiblar bincike gaba ɗaya.

A huhu, makrofej masu shuɗi suna nuna jini ya tsiyaya cikin jakunkunan iska, ko saboda gazawar zuciya ko saboda cutar da ke fasa ƙananan jijiyoyi. A ruwan wankin huhu, in sun kai kashi 20 cikin 100 na makrofej ana ɗaukar hakan alamar zubar jini. Zaren asbestos da aka shaƙa yana samun rufin ƙarfe da furotin, rinin yana fito da shi kamar sanda mai ƙulli a kai biyu. A laka ta fitsari, hemosidarin yana nuna jini ya daɗe yana fashewa cikin jijiyoyi. Ga ƙwaƙwalwa, inda ƙarfen kaɗan ne, ana ƙara matakin wani sinadari mai suna DAB bayan rinin, wanda ke mai da shuɗin ruwan ƙasa mai duhu ya ƙara masa fitowa.

Maki na ido ba awo ba ne. Idan likita yana son adadi, misali don yanke shawarar fara maganin cire ƙarfe ko ƙara shi, ana auna ƙarfen hanta da na'ura a lissafa miligram nawa ne a gram ɗaya na busasshen nama. Lafiyayyar hanta ba ta wuce kimanin 1.8 ba, sama da 7 taruwa ce mai buƙatar kulawa, sama da 15 kuwa haɗarin lalacewar zuciya ya ƙaru sosai. Hoton MRI yana ba da wannan adadi ba tare da allura ba a inda na'urar da manhajarta suke. In nama za a aika don awo, kada a jefa shi cikin ruwan gishiri, domin yana wanke ƙarfe. A sa shi a busasshen mazubin roba mai tsabta, ko a aika da dunƙulen farafin ɗin kansa bayan an yanki gilashin rini daga jikinsa, don mai karatu ya tabbatar cewa abin da za a auna naman hanta ne, tunda guntun da tabo ya cinye rabinsa yana ba da adadi ƙasa da na gaskiya.